An sa mu cikin darasin ɗanɗanon giyar inabi a Afirka ta Kudu: in je ko in fake da ciwo?

Tambayar daga wani matashi ce ɗan Tudun Wadan Zariya, wanda ke kula da gonar inabin gidansu a wajen Hunkuyi. Ga ta a taƙaice: "Malam, barka da war haka. An ɗauke ni horo na mako biyu a garin Stellenbosch na Afirka ta Kudu cikin watan Fabrairu. A jadawalin da suka turo akwai yini guda da za a kai mu gonar inabi, wai jagora zai koya mana ɗanɗanon giya. Ni ko kwalbar ban taɓa riƙewa ba, kuma ba na son in ɓata wa masu masauki rai. Me ake yi a wurin? In je, ko in ce ba ni da lafiya?"

Ɗana, kada ka fake da ciwo. Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya, kuma in ka kwanta a ɗaki ranar nan ka yi asarar yinin da zai fi amfanar gonarku. Na je garin sau biyu a kan aikin adana 'ya'yan itace bayan girbi, kuma duka biyun an sa mu cikin irin wannan fita. Abin da suke kira darasi guda, a zahiri abu uku ne aka ɗaure da igiya ɗaya: zagayen gona, leƙa ɗakin da ake sarrafa inabin, sannan zama a tebur da kofuna. Na farkon naka ne, ka shige shi da ƙafa biyu. Na ukun ba naka ba ne, kuma barinsa bai kai wahalar da kake zato ba.

Sai ka san inda za ka tukuna. Stellenbosch na nan kimanin kilomita 50 gabas da Cape Town, a gindin duwatsu. Gwamnan Turawan Holan, Simon van der Stel, shi ya kafa garin a 1679, ya kuma laƙaba masa sunansa. Kafin nan, ranar 2 ga Fabrairu 1659, Jan van Riebeeck, shugaban Turawan Holan na farko a Cape, ya rubuta a littafinsa na yau da kullum cewa an matse inabin yankin a karo na farko. A 1688 wasu Faransawa da suka gudo saboda rikicin addini suka sauka a kwarin da yanzu ake kira Franschhoek, wato lungun Faransawa, suka ƙara wa sana'ar ƙarfi. Buɗe gonaki ga baƙi kuwa a tsare ya fara ne a 1971, lokacin da wasu masu gonaki suka haɗu suka shata hanyar da matafiyi zai bi daga wannan gona zuwa waccan. Na kawo wannan ne don ka gane cewa darasin rabinsa ilimi ne, rabinsa talla. Jagoran ma'aikacin gonar ne, kuma ƙarshen zaman takardar farashi za ta zagayo.

Akwai tarihin da ba kowane jagora ke son taɓawa ba. Bayi ne suka ɗaga gonakin nan, waɗanda aka kwaso daga tsibiran Indonesiya da Indiya da Madagaska da Mozambik, kuma da yawa cikinsu Musulmi ne. Bayan an soke bauta a 1834 sai aka ci gaba da wata muguwar al'ada ta biyan leburori wani ɓangare na ladansu da giya, abin da ya bar shaye-shaye ya yi katutu a gidajen ma'aikatan gona har bayan doka ta hana. A gefe guda kuma, Shehu Yusuf na Makasar ta Indonesiya, malamin da Turawan Holan suka kora zuwa can a 1694, kabarinsa na nan a wurin da ake kira Macassar, ba nisa da Stellenbosch. Masallacin Auwal da ke unguwar Bo-Kaap a Cape Town tun 1794 yake. A cikin Stellenbosch ɗin ma akwai masallaci. Mutanen da suka zauna da Musulmi fiye da shekara 300 ba za su buɗe baki don baƙo ya ce ba ya sha ba. Ko cikin waɗanda ba Musulmi ba, kullum akwai direba da mai juna biyu da mai shan magani da wanda ya tuba da kwalba. Ba kai ne farau ba.

To, ga abin da ake yi a teburin, tunda ka tambaya, kuma sanin abu ya fi jin tsoronsa. Ana jera wa kowa kofunan gilashi masu doguwar ƙafa, biyar ko shida, da ruwan sha, da busasshen biskit marar zaƙi, da wani ɗan bokiti a tsakiya. Kowane kofi ana zuba masa kaɗan, abin da bai wuce cokali biyu zuwa uku na cin abinci ba. Ana farawa da fara kafin ja, marar zaƙi kafin mai zaƙi, mai sauƙi kafin mai nauyi, saboda in mai ƙarfi ta riga shiga baki to ta bayanta ba za ta ji ba. Ka san yadda in ka ci yaji sannan ka sha kunu ba ka jin gardinsa, to haka ne.

Jagora zai ce a riƙe kofin ta ƙafa, don kada ɗumin hannu ya taɓa abin da ke ciki. Sai a karkata shi a kan farar takarda a dubi launi. Ja sabuwa takan yi duhu kamar zoɓo mai kauri, in ta tsufa sai gefenta ya koma kalar jar ƙasa. Fara kuwa akasin haka take, da tsufa take ƙara duhu tana komawa kalar zuma. Daga nan a juya kofin a hankali don iska ta shiga, a sa hanci. Nan ne za ka ji maganganun da za su ba ka dariya: wannan ya ce yana jin gwaiba, wancan ya ce hayaƙi, wata ta ce ɗanyen tattasai. Ba a zuba ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma ba duka ne burga ba. Sinadarin da ke ba ɗanyen tattasai ƙanshinsa yana nan a cikin inabin Cabernet Sauvignon da Sauvignon Blanc, musamman in an tsinke su ba su gama nuna ba. Ƙanshin hayaƙi da na banila kuwa daga gangar katakon oak suke fitowa, wadda ake babbaka cikinta da wuta kafin a zuba. Irin gangar da aka fi amfani da ita tana cin lita 225, wato kwalba 300 ke nan. Amma fa akwai burgar, don da zarar jagora ya ambaci abu sai kowa ya gyaɗa kai ya ce shi ma ya ji.

Dalilin da ya sa hanci ke gaba shi ne harshe abu biyar kawai ya sani: zaƙi, tsami, ɗaci, gishiri, da wannan ɗanɗanon na romo da daddawa. Duk sauran abin da muke kira daɗin abinci ƙanshi ne da ke hawa ta bayan maƙogwaro zuwa hanci. Shi ya sa mai mura yake cewa miya ba ta yi ba, uwargida kuma ta sha faɗan da ba laifinta ba.

Sannan a kurɓa, a wuce da shi ko'ina cikin baki, a tofar a bokitin nan. Abu huɗu suke nema: zaƙi, tsami, zafin barasa, da bauri. A kan baurin nan nake so in tsaya, domin Bature yakan sha wahala wajen bayyana wa ɗalibansa shi, mu kuwa kalma ɗaya ta gama. Abin da kake ji in ka tauna goro, ko ɗanyen mangwaro, ko shayin da aka manta a wuta, baki ya bushe, harshe ya yi kaushi, shi ne. Sinadarin da ke jawo shi suna ce masa tanin, kuma sunan daga jima ya samo asali, don shi ne dai abin da ke cikin bagaruwar da majemanmu ke jeme fata da ita. Yadda yake kama fatar akuya ya ƙanƙame ta, haka yake kama sinadarin da ke sa yawu santsi. A jikin inabi yana zaune ne a ɓawo da ƙwallo. Ka gwada a gonarku: ɗauki baƙin inabi ka matse a farin kwano, za ka ga ruwan kusan fari ne. Launi da bauri duk a ɓawo suke. Shi ya sa in ja ake so sai a bar ruwan ya tsimu tare da ɓawon, in fara ake so sai a matse a raba su tun da wuri.

Wani zai ce maka ai tofarwa ake yi, ba haɗiya ba, don haka ba komai. Ta fuskar sana'ata ina gaya maka ba haka ba ne. Duk yadda mutum ya ƙware da tofi, wani abu yana saura a baki ya bi yawu, kuma masu wannan aiki da kansu sun san cewa bayan kofi ashirin ko talatin kai yakan ɗan yi nauyi. Yawancin matafiya ma ba sa tofarwa. Kofi shida in aka haɗa sun kusa sulusin kwalba, na abin da ƙarfinsa ke tsakanin kashi 12 zuwa 15 cikin ɗari, ga zafin Fabrairu da ke wuce digiri 30. In a cikin tawagarku akwai masu sha, ka tabbata wanda zai tuƙa ku ba ya cikinsu, don hanyoyin suna da kwana, kuma a hannun hagu suke tuƙi.

Ta fuskar addini kuwa kai ɗan Zariya ne, malamai ba su yi maka nisa ba. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida sananniya ce, haka hadisin da ya ce abin da mai yawansa ke sa maye to kaɗan ɗinsa ma haram ne. Wanda ni na yi sakaci da shi shi ne na zama. Zuwana na farko na zauna a teburin da kofin ruwa a gabana, ina rubutu, ina ganin na yi dabara. Da na dawo na ba wani malamina a cikin birni labari, sai ya yi murmushi ya tuna mini hadisin da ya hana mai imani da Allah da ranar lahira zama a teburin da ake zagayawa da giya. Bai ƙara komai ba, ni ma ban ƙara ba. Zuwa na biyu da aka zo wajen zama sai na ce wa jagora ina son a haɗa ni da mai kula da gonar, aka kira shi, muka koma cikin kunyoyi. Awa ɗaya da rabi muka yi, kuma abin da na samu a wannan tsayuwar har yau ina koyar da shi.

Yadda za ka yi shi ne ka rubuta wa masu shirya horon tun yanzu, layi biyu kacal. Ka ce kai Musulmi ne, ba ka sha kuma ba ka zama wurin sha, amma manomin inabi ne kai, kana roƙon a ba ka lokaci da manajan gona sa'ad da sauran ke tebur. Kada ka yi wa'azi, kada kuma ka yi ta ba da haƙuri kamar ka yi laifi. A wasiƙar ka ambaci abinci, don farantin da ake kawowa tare da kofunan yakan ƙunshi yankakken naman alade, miyar nama kuma sau da yawa da giya ake dafa ta. Akwai busasshen namansu da suke kira biltong, ɗan'uwan kilishi ne amma ba ƙuli ba yaji irin namu, shi ma sai ka ga tambarin halal a jikin leda, kuma tambarin ba wuyar samu yake ba a shagunan can. Ka kuma faɗa musu kada a sa ka cikin kyautar kwalba, don sukan raba a ƙarshe, kuma mayar da kyauta a gaban jama'a ya fi hana ta tun farko nauyi. Sai hoto. Za a ce a tsaya a yi na tarihi, galibi a gaban jerin kofuna. Ka ja su waje gindin inabi. Hoto ba ya yi wa kansa bayani, kuma ka san kafin jirginku ya sauka ya riga ya zagaye WhatsApp ɗin Tudun Wada.

Ka kula da abin da ke rubuce a kwalba, don a nan ne mai kyakkyawar niyya ke zamewa. Mu a Hausa "ruwan inabi" yana ɗaukar ma'ana biyu, wani ya faɗa yana nufin matsattsen ruwa zalla, wani yana nufin wanda ya tsimu. A can kowanne da sunansa. In ka ga "grape juice" to ruwan ne da bai taɓa tsimuwa ba, irin su Grapetiser da za ka samu a kowane shago. In ka ga "de-alcoholised" to giya ce aka gama yinta sannan aka zare mata barasar da inji, kuma yawanci akan bar ɗan saura da bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Mai masauki zai iya miƙo maka ita da zuciya ɗaya yana ganin ya kyauta. Ni ba na karɓa. Kalmar "dry" kuma kada ta ruɗe ka, ba ta nufin babu barasa, tana nufin sukarin ne ya ƙare, wato duk ya juye ya zama barasar.

Wannan juyewar ita ce abin da za a nuna muku a ɗakin sarrafawa, kuma Fabrairu tsakiyar kakarsu ce, za ka tarar da manyan tankunan ƙarfe suna ta tafasa ba wuta. Yis ne ke cin sukarin, ya fitar da barasa da iskar kabon. Kimanin giram 17 na sukari a lita ɗaya shi ke ba da kashi ɗaya cikin ɗari na barasa. Shiga ɗakin ya rage naka, wari dai yana da ƙarfi, kuma kada ka sunkuya ka leƙa bakin tanki ko da wasa, iskar nan ba ta da launi kuma takan kashe ma'aikata. Amma ilimin ya shafe ka ko ba ka shiga ba. Yis ɗin nan yana nan a jikin ɓawon inabinku na Hunkuyi, ba sai an zuba ba. Ranar da kasuwa ta yi kwantai ka ce bari ka matse ragowar ka sayar a gora, in ka bar shi a zafin bazarar Zariya, kwana ɗaya zuwa biyu ya isa ya fara kumfa. Ka ga yadda gorar zoɓo ko kunun zaƙi ke kumbura in ta kwana biyu ba sanyi, abu ɗaya ne. Maganinsa tun shekarun 1860 Louis Pasteur na Faransa ya nuna shi, kuma a kan giyar inabin ya yi binciken: a ɗumama ruwan ba tare da ya tafasa ba, a rufe shi da zafinsa a kwalba mai tsabta, a ajiye a sanyi. Tun kafin Pasteur ma, ya zo a hadisi cewa akan jiƙa wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi ya sha har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage a bayar ko a zubar. Duk lokacin da nake koyar da tsimuwa sai na kawo wannan.

Yanzu gona, inda nake so ka kashe ƙarfinka.

Abu na farko, ka durƙusa ka dubi gindin itacen. Ɗan sama da ƙasa kaɗan za ka ga kumburi, wurin aure ke nan, kamar na mangwaro ɗan aure. Kusan duk inabin da za ka gani a can, sama daban ne, saiwa daban. Dalili wani ƙaramin ƙwaro ne mai suna filoksera da ya shigo Turai daga Amurka a shekarun 1860, yana cin saiwa, ya kusa share gonakin Faransa, ya kuma iso yankin Cape a 1886. Ba feshin da ya yi maganinsa. Abin da ya cece su shi ne aura inabin Turai a kan saiwar inabin daji na Amurka, wanda ya saba da ƙwaron. Daga baya aka gane saiwar tana da wasu amfanonin: wata tana jure fari, wata gishirin ƙasa, wata tsutsar saiwa. Za ka ji sunaye irin su Richter 99 da Richter 110 da Ramsey. Ramsey ɗin ka tambaya a kanta da kyau, don an san ta da jure tsutsar saiwa a ƙasa mai yashi, mu kuma da yawanmu reshe kawai muke yankowa mu dasa, sai bayan 'yan shekaru gona ta fara ja da baya a rasa dalili.

Na biyu, aski. A nan ne nake tsoron ka kwaso abin da zai cuce ka. Su suna kusan digiri 34 kudu da tsakiyar duniya, mu muna wajen 11 arewa. Ruwansu a lokacin sanyi yake sauka, Yuni zuwa Agusta, itacen ya zubar da ganye ya yi barci, a yi masa aski yana barcin, ya farka a Satumba, ya nuna cikin rani ba ruwa. Namu ba ya barci. Ruwanmu da zafi yake zuwa, daga Mayu zuwa Oktoba, shi ya sa muke tilasta masa da almakashi, muna lissafi don 'ya'yan su faɗo cikin rani. Don haka kada ka kwafi kalandarsu. Ka kwafi hannunsu: ido nawa suke bari a reshe, yadda suke zaɓen reshen da zai yi 'ya'ya baɗi, yadda suke rage ganye don iska da rana su ratsa. In kalanda kake nema, manoman Nashik na Indiya sun fi kusa da mu, su da ke aski sau biyu a shekara, ɗaya na gina itace ɗaya na 'ya'ya.

Na uku shi ne wanda ya fi ruɗa baƙi. Mai noman inabin giya da kai ba abu ɗaya kuke nema ba. Shi ƙananan 'ya'ya yake so masu kaurin ɓawo, har da gangan yake rage wa itacen ruwa don kada su yi girma, tunda launi da ƙanshi a ɓawo suke. Yakan jira zaƙi ya kai 22 zuwa 25 a ma'aunin da suke kira Balling, wanda kusan ɗaya yake da Brix da ka sani. Kai kuwa mai saye a bakin titin Kano ko a Abuja manya yake so, masu ƙyalli, masu ƙaras-ƙaras a baki, kuma irin naka akan tsinke shi tun yana wajen 16 zuwa 18. In jagora ya ce wahala ce ke sa inabi daɗi, gaskiyarsa ce a sana'arsa, kai in ka bi sai ka tashi da tsaba kamar ta kanya. Ka roƙa a ba ka ka ci daga jikin itace, wannan halal ne kuma suna murna da mai tambaya. Ka ɗanɗani Chenin Blanc, wanda ya fi kowane iri yawa a ƙasar, da Pinotage, irin da suke alfahari da shi, wanda Farfesa Abraham Perold na jami'ar garin ya samar a 1925 ta hanyar haɗa Pinot Noir da Cinsaut. Za ka sha mamakin zaƙinsu, sun fi na ci nesa ba kusa ba. In ka ga ana sayar da Hanepoot a bakin hanya ka saya, ƙanshinsa kamar an fesa turare.

Ka tambaye su kuma a kan feshi. Farar fumfunar nan da ke cin ganye da damina ita ma daga Amurka ta shiga Turai, kuma haɗin tagulla da farar ƙasa da ake fesa mata a gonakin Bordeaux na Faransa aka gano shi, wani masanin tsirrai Millardet ya bayyana shi a 1885. Su iska na taimakonsu, akwai wata mai ƙarfi da ke kaɗawa daga kudu maso gabas duk rani tana busar da ganye, har suna mata kirari da likitan Cape. Mu sai hunturu muke samun irin wannan gata. Ka dubi bututun ɗigo-ɗigo da ke bin kowace kunya, ka tambayi yadda suka bi da gonakin a farin 2017 zuwa 2018 da Cape Town ta kusa rufe famfo. Manomin da ya ga wannan shekarar yana da abin faɗa wa mai ban ruwa da rijiyar burtsatse.

In da ni ne kai, zan nemi alfarma ɗaya babba: a kai ni kwarin Hex, wajen garin De Doorns, tafiyar ƙasa da awa biyu a mota. Can ne gidan inabin ci, irin su Crimson Seedless da Red Globe da ake lodawa zuwa Turai, kuma Fabrairu ana tsakiyar aiki. A can za ka ga rumfuna irin naku, ka ga yadda ake rage 'ya'ya a nono don sauran su yi girma, yadda ake tsinka da sassafe, a gyara da almakashi a inuwa, a shimfiɗa takarda mai sinadarin hana ruɓa a cikin kwali, a sauke zafinsa zuwa kusan sifili cikin sa'o'i. Asararmu a wannan yanki ba a kan itace ta fi yawa ba, tsakanin gona da hannun mai saye take, a cikin kwando, a bayan mota, a rana. Yini ɗaya a ɗakin shirya kaya na De Doorns ya fi maka gonakin giya goma.

Tsarin ɗanɗanon kansa kuma kada ka raina shi don abin da aka gina shi a kai. Mu ma da shi muke aiki a ɗakin gwaji in za mu auna zoɓo ko zuma ko ruwan mangwaro: kofuna iri ɗaya, lamba maimakon suna don kada ido ya yi wa baki shisshigi, kurkure baki tsakanin kowane biyu, kowa ya rubuta nasa kafin a yi magana. Dattijon da ke sayen goro a kasuwar Sabon Gari, ya duba, ya shinshina, ya ɓantara, ya yi shiru kafin ya taya, bai je Stellenbosch ba amma matakan ke nan. Bambancin kawai su sun rubuta nasu sun kuma sa masa kuɗin shiga. In kun yi girbi ka tara iri uku ko huɗu na maƙwabta, ka rufe sunayen, ka kira mutum goma su ci su rubuta. Abin da zai fito zai iya saɓa wa irin da kowa ke rantsuwa da shi.

Gargaɗi ɗaya kafin in ajiye alƙalami, don na san halin manomi. Za ka ga iri mai kyau, zuciya ta ce yanki ɗan reshe ka tura cikin safa. Kada ka yi. Gonakin yankin suna fama da wata cutar bairos mai naɗe ganye, wadda ƙwaron nan mai farin gari ke yaɗawa, kuma reshe yakan ɗauke ta ba alama. In ka kawo ta ƙaramar hukumarku ta Kudan ba gonarku kaɗai za ta ci ba. Iri yana shigowa ne ta hannun masu renon dashe da aka tantance, da takardar izini daga hukumar killace tsirrai ta ƙasa. Ka karɓo adireshin masu renon, wannan ya isa.

Ka tafi da hula mai faɗi da takalmin shiga gona, da ma'aunin zaƙinka in kana da shi, don ka gwada nasu da idonka. Ka auno tazarar da ke tsakanin itace da itace da tsayin wayar rumfa, ka ɗauko hoton wurin auren kusa-kusa. In Allah ya dawo da kai lafiya ka biyo ta Samaru da littafin, ina son in ga abin da suka ce maka a kan Ramsey.